Zaren Likkafanin Iya

Shekarar da na fara zuwa gida hutun sanyi daga makarantar 'yan mata ta kwana a Kano, ban tarar da kakata a inda na bar ta ba. Wurin zamanta sananne ne a gidanmu, a wani ƙauye na ƙasar Kiru: bakin ƙofar ɗakinta, a kan buzu, taskirar kaɗi a gefe, mazari yana juyi. Ranar kuwa, da jirgin ƙasa ya sauke ni a Dangora muka tako gida ni da babana, sai na ga wurin a share, kaji sun kwanta a kai suna jin rana.

"Tana ciki," in ji Inna, mahaifiyata. "Sanyi ne ya kama mata hannu."

Mahaifiyar babana ce, kowa a gidan Iya yake ce mata. Sunanta na ci, shi ya sa take kirana takwara. Na same ta a kan gadonta na ƙasa, irin wanda ake zuba garwashi a ƙarƙashinsa, ta lulluɓa da gwado. Na durƙusa na gaishe ta.

"Takwara, har kin yi fari," in ji ta. "Aiki ne ba sa ba ku, ko sabulun kuke ci?"

Ta fito da hannu za ta dafa kaina, sai na ga yatsun. Sun lanƙwashe kamar ƙafar kaza, gaɓoɓin sun kumbura. Ta ga ina kallo, ta mayar da su cikin gwado.

Tun ƙarshen damina yatsun suka fara ciwo. Babana mutum ne mai tsoron haƙƙin uwa, sai ya tara mutanen gida ya ce daga ranar kada ya ƙara ganin Iya ta ɗauki ko tsinke. Aka bi umarnin fiye da yadda ya faɗa. In ta miƙa hannu za ta tsince wake sai a janye faifan. In ta ɗauki buta sai a karɓa a zuba mata. Goro ma sai an daka ake kawo mata. Carbi kaɗai aka bar mata, shi ma da gefen babban yatsa take tura shi. Duk wanda ya shigo gaisuwa sai ya yaba, ya ce tsohuwa ta haifi ɗa na gari. Babu wanda ya lura cewa a wata ukun da ta yi tana wannan hutu hannun ƙara ƙagewa ya yi.

Ita kuwa ba ciwon ne ya fi damun ta ba. Shekara biyu ke nan tana kaɗa zaren likkafaninta. A wajenmu a lokacin wannan ba abin mamaki ba ne. Mace in ta ga ta manyanta sai ta keɓe audugar gayaunarta, ta gurje, ta shiɓe, ta kaɗa, a kai wa masaƙi ya saƙa zugu, farin ƙyallen da ake yi wa mamaci sutura da shi, ta naɗe ta ajiye a ƙasan adudu. Iya ta tara zare da yawa. Amma masaƙin da take so, wani dattijo a Bebeji wanda shi ya saƙa na marigayi mijinta, ya aiko cewa saura cikin mazari bakwai. Ya kuma ce kafin azumi zai yi wadarinsa na ƙarshe, wato jera zaren tsaye na saƙa, ya bar sana'ar, don idonsa ya gaji.

A gabana babana ya yi mata maganar yadin kanti.

"Iya, ga alawayyo nan a kasuwar Dangora, fari tas. Ki huta da wahalar nan."

"Allah ya yi albarka. Wa ya noma audugar?"

"Ban sani ba, Iya."

"Wa ya kaɗa?"

"Inji ne, a ƙasar Turawa."

"To ka saya ka ɗinka riga."

Kowace safiya, in hantsi ya ɗaga, sai ta sa in miƙo mata taskira. Ta dangwali alli, ta kama mazari tsakanin yatsu biyu, ta murza. Sai ya yi juyi ɗaya ko biyu ya kife. In ta yi sa'a ta samu zare kamu guda kafin azahar. Ba ta ƙorafi. Takan dai dubi mazarin ta ce, "Haka ka ce yau?" ta ajiye.

Inna ce ta kawo shawarar, ni kuwa na karɓa da gudu. Inna 'yar Tudun Wada ce, gwanar kaɗi, kuma tana tsananin jin kunyar surukarta, ko ido ba ta haɗawa da ita. Ta ce ba za ta iya kallon tsohuwa tana fama haka ba. Bayan azahar Iya takan ɗan rintsa. Sai in lallaɓa in ɗauko mazarin a ƙarƙashin mayafina in kai ɗakin Inna, ta ƙara zare kaɗan daga audugar Iya, in mayar kafin la'asar. Muka ce kaɗan-kaɗan za mu riƙa yi yadda ba za ta gane ba.

Kwana biyu da farawa Iya ta juya mazarin a tafin hannu ta ce, "Takwara, zaren nan kamar ya ƙaru."

"Ke kika yi jiya, Iya. Kin manta ne?"

Wannan kalma har yau ina neman gafarar Allah a kanta. Da yamma Iya ta tambaye ni yau wace rana ce. Washegari na ji tana lissafa sunayen 'yan'uwanta da suka rasu, daga babba zuwa ƙarami, in ta kai ƙarshe ta sake farowa. Ta kira ni in saurari surorin da take salla da su ko ta tsallake aya. Ni da ƙuruciyata ban gane abin da take aunawa ba. Ashe tsoro ne ya kama ta ko gigin tsufa ya fara shigar ta, tun da ga aiki a gabanta an ce ita ta yi, ita kuwa ba ta tuna ba.

Rana ta biyar da hantsi ta ce in samo kara in zauna kusa. Ta ce in riƙa naɗe zaren a jikin karan tana warwarewa. Yatsunta ba sa jin abu mai laushi, saboda haka sai ta ɗora zaren a leɓenta na ƙasa, ina ja yana wucewa. Idonta a rufe.

"Wannan nawa ne, ji gargada." Muka ci gaba. "Tsaya. Wannan sumul ɗin ba nawa ba ne. Rabona da zare irin wannan tun bara." Ta ƙara ja kaɗan. "Hannun 'yar Tudun Wada ne. Tun tana amarya na san murzarta, ba ta barin mazari ya huta. Kira mini ita."

Inna ta zo ta durƙusa a bakin ƙofa, kanta a ƙasa. Ni ma na sunkuyar.

"Ba faɗa zan yi ba," in ji Iya. "Godiya ma nake yi wa Allah da hankalina yana nan. Kwana uku ina zaton ya tafi." Ta ɗan numfasa. "Ku saurara, don ba zan sake faɗa ba. Tun da aka haife ni, duk abin da na ɗaura wani ne ya ba ni. Ubana ya tufatar da ni, mijina ya karɓa, yanzu ɗana. Ban raina ba. Amma wannan guda ɗaya, wanda zan tafi da shi, ina so in san asalinsa tun daga gurya. Ni na shuka, ni na tsinka, ni zan kaɗa. In ban gama ba, a haɗa abin da na samu a rufe ni da shi iyakar inda ya kai."

Ta sa aka tsinke zaren Inna aka naɗe shi daban. Ta tura mata karan.

"Zare ne mai kyau, kada ya lalace. A ɗinke wa maigida rigarsa da ta yage."

Inna ta ce, "A gafarce ni, Iya," ta tashi tana share ido da bakin zane.

"Ke kuma takwara, makarantar da aka kai ki, ƙarya ake farawa da ita a aji ɗaya?"

Na fashe da kuka. Ta bar ni na yi mai isata, sannan ta ce, "Ya isa. Cikin abin da suka koya miki, babu wanda zai amfani mutum?"

Akwai. Malamar da ke koya mana kiwon lafiya ta taɓa ce mana gaɓar jiki kamar ƙyaure take, in an daɗe ba a buɗe ba sai ta cije, kuma ciwon sanyi ɗumi yake so da motsi. Na faɗa wa Iya haka. Na miƙe tsaye na nuna mata yadda muke yi da safe a fili: na ware hannuwa, ina buɗe yatsu ina rufewa, ina ƙirga ɗaya, biyu, ɗaya, biyu.

Ta kalle ni daga sama har ƙasa. "Wannan ai rawar 'yan doka ce. Da tsufana? Zauna kafin wani ya shigo."

Ruwan ɗumi dai ta yarda da shi. Kowace safiya bayan ta idar da salla sai in kawo ƙwarya da ruwan da ya ɗan huce, ta tsoma hannu har ya yi sanyi, in shafa mata man kaɗanya ina matsa gaɓoɓin ɗaya bayan ɗaya. Motsin ne ta ƙi. Sai wata rana ina kallon babana bayan sallar la'asar, na ga ba carbi yake ja ba, da babban yatsa yake bin gaɓoɓin sauran yatsun yana tasbihi. Na je na ce wa Iya ga yadda Baba yake yi.

"Shi ai namiji ne, ya yi karatu."

"Tasbihi yana da na maza da na mata ne, Iya?"

Ta harare ni, amma ta sa babana ya tambayi liman. Liman ya aiko cewa ƙirga tasbihi da yatsu abu ne mai kyau, yana da asali tun daga magabata, ta yi babu komai. Ranar ta rataye carbinta a ƙusa. Da farko babban yatsan ba ya kai wa ƙaramin, sai ta taimaka masa da ɗaya hannun tana cije leɓe. Sau biyar a rana take yi, talatin da uku sau uku, ba ta taɓa tsallakewa ba, tun da yanzu ibada ce ba rawar 'yan doka ba.

Ana cikin haka sai ga taubashiyarta daga Ba'awa ta zo dubiya a kan jaki. 'Yar kawun Iya ce, tare suka tashi, mu kuma Iya ta Ba'awa muke ce mata. Gajeriya ce mai ƙaton murya, haƙoranta biyu a baki. Tsakanin taubasai babu kunya, kowa ya san haka. Tun daga tsakar gida ta fara.

"Ina sarauniyar da aka ce tuwo ma a baki ake ba ta?"

"Shigo, baiwata. Na ji an sauke wani abu daga jaki, na zaci buhun dawa ne."

Ta shigo ta kama hannun Iya ta juya shi gaba da baya kamar mai tayin kaya a kasuwa.

"To, Allah ya kawo miki uzuri. Da ma tun muna yara ba ki taɓa cina a carafke ba."

"Ke? Wadda na cinye a gindin tsamiya har kika kai ƙarata wajen uwarki?"

"Sai ki gwada mana."

"Takwara, je ki samo duwatsu."

Carafke wasan 'yan mata ne ƙanana. A zube 'yan duwatsu a ƙasa, a cilla ɗaya sama, a kwashi na ƙasa kafin na saman ya sauko, a cafke shi. Ɗai-ɗai da farko, sannan bibbiyu, har a kai kwashe duka. Ban taɓa ganin wadda ta haura shekara goma sha biyu tana yi ba. Na tsinto duwatsu masu santsi a bayan gida, Iya ta Ba'awa ta taɓa su ta ce sun yi sanyi, ta jera su a gefen kaskon wuta har suka yi ɗumi. Aka saki asabari a ƙofa. Tsofaffi biyu suka sauko kan tabarma, suka miƙe ƙafa.

Ranar farko Iya ba ta cafke ko ɗaya ba. Wani ya faɗa mata a cinya, wani ya shige ƙarƙashin gado, wani ya faɗa cikin ƙoƙon furarta ya fantsama wa taubashiyar a ido. Suka yi dariya har tari ya sarƙe su. Iya ta Ba'awa kwana biyu ta zo yi, sai da ta yi goma sha biyu, wai ba za ta tafi ba sai ta ga ƙarshen cika bakin nan. A rana ta huɗu Iya ta cafke na farko. Ta riƙe shi a dunƙule ta ɗaga wa taubashiyarta a fuska.

Ranar ce babana ya yi gyaran murya a bayan asabari.

"Iya, lafiya nake jin hayaniya?"

"Lafiya lau. Magani nake sha."

Ya ɗaga asabarin kaɗan, ya ga mahaifiyarsa a ƙasa da duwatsu a gabanta. Ya rasa inda zai sa idonsa.

"Iya, in mutane suka ji..."

Iya ta Ba'awa ta tare shi. "Tsofaffin da suke cika maka zaure da dara tun safe, su ba mutane suke ji ba? Su da tsinke da rami, mu da dutse. Ina bambancin?"

"Tun da ka shigo," in ji Iya, "ka janye dokarka. Na san don Allah ka yi, kuma ya ba ka lada. Amma hutun nan ya kusa kashe mini hannu. A kawo mini gyaɗar nan da ake ɓarewa, a kuma bar mini butata."

Ya durƙusa ya ce, "To, Iya." Da yamma da kansa ya shigo da kwandon gyaɗa.

Labari ya fita, kamar yadda yake fita a ƙauye. Maimakon surutun da babana ya ji tsoro, sai ga tsofaffi biyu na makwabta sun fara zuwa da hantsi, kowacce da aikinta a ƙwarya, wai sun zo jin ɗumi. Ɗaya tana saƙar faifai da kaba rinanniya, ɗaya tana gurzar auduga a kan dutse da ɗan ƙarfenta. In hannu ya gaji da aiki a jawo duwatsu daga gefen kasko. Mai faifan gwiwa ce ke damun ta, sai suka ƙirƙiro wata gasa: wa za ta tashi daga tabarma ba ta dafa bango ba. Wadda ta dafa ita ce za ta hura wuta. Ɗakin da na tarar shiru, sai ya zama in kana neman mace mai furfura a unguwar can za ka same ta. Ni aikina ruwan ɗumi da man kaɗanya, da yanke hukunci in an yi gardama, ko da yake babu wadda ta taɓa yarda da hukuncina.

Duk wannan lokaci Iya ba ta taɓa mazari ba. Ta ce ba za ta ƙara roƙonsa ba sai ta san za ta iya ba shi umarni. Saura kwana uku in koma makaranta ta ce in miƙo taskira. Ta yi bisimilla, ta dangwali alli, ta ɗaga audugar da hagu, ta murza da dama. Mazarin ya juya ya kife. Ta sake. Ya kife. A karo na uku ya tsaya a kan ƙafarsa yana ta juyi, zare ya fara fitowa daga audugar, ta ɗaga hannu sama har iyakar tsawonsa, ta naɗe, ta sake murzawa.

Zaren ba kyau. Wani wuri kauri, wani wuri kamar zai tsinke, ga ƙulli nan da can. Iya ta Ba'awa ta matso ta duba.

"Wannan ai igiyar ɗaure akuya ce."

"To, akuyar ta ce ya yi mata."

Kafin in tafi ta yi rabin mazari. Ranar tafiya na durƙusa yin sallama ta ce, "Saura shida da rabi. Ki je ki yi karatunki, kada ki sa ni a rai. Ki gaida malamar taku ta ƙyaure." Ban yi shakka ba ko kaɗan. Na ga yadda take kallon mazarin, irin kallon da take yi wa jikokinta in ta aike su.

Ban dawo ba sai hutu na gaba, cikin zafi, ana azumi. Tun a hanya babana ya ba ni labari. Ta cika bakwai ɗin saura kwana tara a ga wata, shi ya kai Bebeji da kansa. Masaƙin ya ware mazari biyu na farko ya ce waɗannan ba za su yi ba, a bar su. Babana ya dawo ya faɗa mata, ta ce ya koma ya ce in ba za su yi tsaye ba a sa su a kwance, amma ko taƙi ɗaya kada a bari. Haka aka yi, dattijon ya sa su abawa, zaren da ke ratsa saƙar a kwance.

Allah ya ƙara mata shekaru bayan wannan, har ta goya ɗana na fari. Amma ranar da na dawo ɗin, ko ruwa ban watsa ba ta kira ni, ta kira Inna. Ta buɗe adudu da hannunta ta fito da zugun, fari mai ɗan duhu, yana ƙamshin sabuwar saƙa. Ta nuna mana inda zaren gargadar ya bi, ana jin sa a tafin hannu kamar tsakuwa a cikin gari. Sannan ta sa muka shimfiɗa a kan tabarma, ta hau ta kwanta a miƙe, ta haɗa ƙafafu.

Inna ta ce, "Haba, Iya," ta juya fuska bango.

"Mene ne? Riga ma ai gwadawa ake yi. Takwara, ja wajen ƙafa. Ya rufe?"

"Ya rufe, Iya. Har da saura."

"Kai fa?"

"Shi ma."

"Alhamdu lillahi."

Ta ɗan jima a kwance tana kallon rufin ɗaki. Sannan ta tashi zaune ba ta dafa komai ba, ta ce in naɗe in mayar can ƙasa, in ɗora adudun a kan dutse saboda gara. Ta dubi Inna, wadda har lokacin ba ta juyo ba.

"Ke kuma ki daina kuka da azumi a bakinki. Audugar bana taki ce, zane zan kaɗa miki. Miƙo mini taskirar can."